Yadda nake gane tsuntsun daji tsakanin Garwa da Kuseri

Ni direban babbar mota ne. Shekara 22 ke nan ina bin hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru, daga can Mora da Waza har Kuseri, bakin Injamena. Duk wanda ya san hanyar nan ya san rabin aikinmu jira ne, ko na lodi ko na takarda ko na makanike. A cikin wannan jiran na koma wa abin da kawuna ya fara koya mini ina yaro, wato sanin tsuntsaye. Shi maharbi ne kafin ƙafa ta hana shi shiga daji, kuma bai taɓa buɗe littafin tsuntsu ba har ya koma ga Allah.

Ranar da na fara ruga wa gida na ce masa, "Kawu, na ga wani tsuntsu ja!" ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, ja kamar me? Barkono ma ja ne. Girmansa fa? A ina ka gan shi, me yake yi?" Na rasa ta cewa. Tun daga ranar na san launi shi ake tambaya a ƙarshe. Launi yana yi wa mutum ungulu da kan zabo. Hazon hunturu yana mayar da kowane tsuntsu toka-toka, rana idan tana bayansa sai ka gan shi baƙi, sannan wasu suna sauya riga tsakanin damina da rani.

To ka fara da girma. Ka riƙe ma'auni huɗu a kanka, waɗanda kowa ya sani: gwara, kurciya, hankaka, zabo. Da ka hango tsuntsu ka tambayi kanka, tsakanin wanne da wanne yake? Wannan kaɗai ya rage maka rabin wahala. Abin da ya wuce zabo kuwa ba su da yawa, ga kaɗan daga cikinsu: zalɓe, gauraka, borin tinke, tuje, burtu, dinya, ungulu da 'yan'uwanta, sai jimina wadda ba mai ɓata ta.

Bayan girma sai baki, domin baki shi ne kayan sana'ar tsuntsu. Gajere mai kauri na mai fasa hatsi ne. Siriri kamar allura na mai cin ƙwari. Mai lanƙwasa kamar ƙugiya na mai yagar nama. Dogo kamar mashi na mai sukar kifi da kwaɗi. Daga nan ka dubi ƙafa da wutsiya. Idan ya tashi kafin ka gama, kada ka ji haushi, tashin ma shaida ne. Zalɓe da balbela suna naɗe wuya idan suna sama, kamar an cusa musu kai cikin kafaɗa. Shamuwa da gauraka da jinjimi kuwa miƙe wuya suke yi, ƙafafu a baya. Borin tinke ne ya saɓa wa danginsa, shi naɗe nasa yake yi. Cilakowa tana kaɗa fiffike sau uku ko huɗu ta saki jiki, ta yi sama ta yi ƙasa, kamar mota a hanyar Mora.

Bari in tsaya a kan fararen tsuntsayen bakin ruwa, don a nan kowa yake faɗawa. Mutanenmu duk farin da suka gani sai su ce balbela. Ita balbelar gaskiya, wadda Fulani ke ce wa nyaalel, gajeren wuya gare ta mai kauri, bakinta rawaya, kuma a bayan shanu za ka same ta tana cafke ƙwarin da ƙafarsu ta tayar. Lokacin ƙwai kanta da ƙirjinta sukan yi ja-ja kamar an shafa mata lalle. Akwai wata siririya da ke tsayawa cikin ruwa a ƙarƙashin gadar Binuwai a Garwa: bakinta baƙi, ƙafafunta baƙaƙe, amma yatsun rawaya, sai ka ce ta taka kwaɓin kurkum. Ita ba ruwanta da shanu, kifi take nema, takan ma girgiza ƙafa ɗaya cikin laka don ta tayar da shi. Ta uku babba ce, ta kai tsayin zalɓe, wuyanta dogo mai lanƙwasa, tana tsayawa shiru kamar an dasa ta. Duka ukun farare ne tas, da launi za ka bi da ka ce abu ɗaya ne.

Zalɓe ma iri biyu muke yawan gani. Na bakin ruwa bakinsa rawaya, kansa fari da baƙin layi ta kan ido. Ɗayan kansa da bayan wuyansa baƙi, kuma shi ba lallai sai ruwa ba, za ka gan shi a busasshiyar gona yana farautar ɓera da ƙadangare. Idan ya tashi ka dubi ƙarƙashin fiffikensa: gaba fari, baya baƙi, a rabe sarai.

Sai wuri. Kowane tsuntsu da unguwarsu. Cikin gari, kurciya da hazbiya da hankaka da baiwar Allah, 'yar ƙaramar jar nan da ke tsintar tsaki a tsakar gida ba ta tsoron kowa. A kan duwatsun wajen Mokolo akwai kazar dutse, mai ɗaga wutsiya kamar 'yar kaza. A filayen ciyawa na Waza, tuje da burtu da jimina. A yashin Binuwai akwai wani ɗan tsuntsu mai kyau, bayansa toka-toka, cikinsa ruwan ƙasa mai haske, da baƙin layi a ƙirji kamar ya rataya carbi. Turawa na zuwa daga nesa don shi kaɗai, kuma ba za ka taɓa ganinsa a gonar gero ba. Saboda haka idan littafi ko waya ta nuna maka hoton da ya yi kama da abin da ka gani, ka dubi taswirar da ke gefe. In tsuntsun na kurmin kudu ne, wajen Yawunde, kai kuwa kana Kuseri, to da wuya shi ne. Wani yaron motata ya taɓa rantse mini ya ga aku mai toka da jar wutsiya a daji kusa da Waza. Wannan akun na kurmi ne. Namu na nan tsirya ce, koriya shar mai doguwar wutsiya da jan baki, sai wani guntun aku mai kai toka-toka da ciki rawaya. In har ya ga abin da ya ce, to daga kejin wani ya tsere.

Lokaci kuma shi ne abin da manomi ya fi ɗan boko sani. Shamuwa tana zuwa mana wajen Afrilu zuwa Mayu, gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ba mai taɓa ta. Baƙa ce, cikinta fari, gwiwoyinta da yatsunta ja, fuskarta shuɗiya lokacin ƙwai. Da kaka ta yi sai ta tattara ta tafi kudu, har ta tsallake zuwa gabashi da kudancin Afirka. Don haka idan a watan Janairu ka ga mai irin ƙirarta a fadama, ka sake duba. Akwai 'yar'uwarta da ta fi ta girma, fara mai baƙin fiffike da jan baki da jajayen ƙafafu, ita daga Turai take zuwa cin rani. Da hunturu fadamun Logon da tafkin Maga da Tafkin Chadi cike suke da irin waɗannan baƙin, agwagin ruwa da 'yan dogayen ƙafa masu bin laka, waɗanda suka ƙetare hamada. Kafin ka shiga rigimar bambance su, ka fara sanin 'yan gida: kirinjijiya mai farar fuska da ke tashi tana fito, da dinya, babba baƙa da fari mai jan baki.

Tafkin Maga ɗin ma ba tsoho ba ne. A 1979 aka yi madatsar saboda noman shinkafa, kamar yadda aka gama ta Lagdo, a kan kogin Binuwai, a 1982, kuma duk inda aka tare ruwa tsuntsu yana sauya wurin zama. Tsofaffin wajen sun ce bayan madatsar ambaliyar fadama ta ragu sosai. Har yanzu dai a wannan yankin na fi ganin gauraka, kumarewal a bakin Fulani, garke guda, da tukkunta mai ruwan zinari da farin fiffike. Takan yi rawa, ta buɗe fukafukai ta yi tsalle. Na taɓa kashe mota na tsaya kallonsu har mai kaya ya kira ni sau uku.

Yanzu ga inda launi ya fi cin amana. Mulufi da damina ja ne wur da baƙi, yana kumbura a kan karan dawa. Da rani ka neme shi ka rasa, alhali yana nan, ya tuɓe rigar ya koma kamar matarsa, ruwan ƙasa mai zane-zane. Haka zalaidu: doguwar wutsiyar ta lokacin neman aure ce, bayan nan ta zube. Gaskiya ni da rani ba na wahalar da kaina a kan waɗannan ƙananan masu ruwan ƙasa, sai in baki ya taimake ni. Jan-baki dai bakinsa ya tona shi, kuma yawansa ya fi komai tona shi. Idan ka hango abu kamar hayaƙi yana murɗawa a saman gonar masakwa ko shinkafar Yagwa, ba sai ka matsa ba.

Hali shi ne hujjar da na fi yarda da ita. Carki a bayan sa yake, yana bin kaska. Ragon maza ba ya son tashi, sai ya yi ta rarrafe cikin duhuwa, kansa baƙi, fiffikensa ja, kukansa kamar ana tuttule ruwa daga gora. Yautai da dare yake kwanciya a kan hanya, fitilar mota ta haska idonsa ja. Akwai irin wanda namijinsa ke da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike mai tuta a ƙarshe, idan ya tashi sai ka ce wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke binsa. Burtu tafiya yake yi a ƙasa, sai ya buɗe fiffike ka ga fari. Maƙogwaron namiji da ja, na mace shuɗi zalla. Idan aka sa wa daji wuta, ka tsaya daga gefe: shirwa za ta zo, ka gane ta da wutsiya mai baki biyu da take murzawa kamar sitiyari, tare da wasu jajaye masu shuɗin kai da ke haƙa ramukan sheƙa a gaɓar kogi. Karin maganar nan ta hankaka mai da ɗan wani naka ma ba banza ba: akwai tsuntsun da ke zuba ƙwansa a sheƙar hankaka ya bar mata reno.

Ungulu kuwa, ina yaro mahautar Garwa ba ta rabuwa da su. Yanzu sai in yi tafiya guda ban ƙirga goma ba. Tun 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa a duniya, saboda guba da masu sayen kanta don tsibbu. In ka gan ta ka lura: fuska ja-ja, baki siriri. Manyan na daji bakinsu kauri gare shi, wuyansu dogo.

Kayan aiki ba su da yawa. Ɗan littafin rubutu da biro sun fi komai, ka rubuta rana, wuri, girma, baki, abin da yake yi, tun kafin ka buɗe waya, don da zarar ka ga hoto zuciya za ta fara gyara abin da ido ya gani. Tabaran hangen nesa, wanda a nan muke ce wa jumel, in ka samu mai lamba 8x42 ya isa. Amma ka yi hankali da inda kake fito da shi. Daga Mora zuwa sama halin tsaro ba ɓoyayye ba ne. Ni an taɓa tsare ni awa biyu a wani shinge ina bayanin cewa tuje nake kallo, wanda ya tsare ni bai ga abin dariya ba. Kusa da soja ko gada, ka bar shi cikin jaka. In gandun Waza kake so, wanda ya zama gandun ƙasa a 1968, ka bi ta ƙofa da ɗan jagora, ka tambayi halin hanya tukuna. A Garwa kuma muna da makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, ɗalibanta daga ƙasashen Afirka daban-daban suke zuwa, kuma na sha cin karo da su a bakin kogi da littattafansu.

Ka fita bayan sallar asuba ko bayan la'asar, ka sa rana a bayanka, ka bar farar riga a gida. Ka fara da kurciyoyin ƙofar gidanka har sai sun zauna maka. Ta cikin gari ba ta da baƙin zobe a wuya, ƙirjinta ne mai ɗigo-ɗigo. Masu zoben a bayan wuya sun fi iri ɗaya, kuka ne ke raba su, kuma sai da na yi damina biyu ina saurare kafin kunnena ya kama. Bardo ƙarami ne mai doguwar wutsiya, namijin fuskarsa baƙa. Hazbiya ta fi su duka girma, da jan fili kewaye da ido da farin ɗigo a fiffike, ita ce ke gurnani a kan kwanon masallaci da sassafe.