Jini a asuwaki: abin da ke kawo ciwon dasashi da yadda za a tare shi

Aikina awon ciki ne a nan Tahoua, amma duk macen da ta zauna gabana sai na ce ta buɗe baki. Abin da na fi ji shi ne: "Malama, in na yi asuwaki jini ke fita, shi ya sa na bari." Wannan barin shi ke cinye haƙoran mutanenmu. Dasashi mai lafiya ba ya jini, kuma wanda ya fara jini ƙarin wanki yake nema.

Ki sa farce ki ɗan kankari gindin haƙorinki da safe. Farin abin nan mai yauƙi tarin ƙwayoyin cuta ne, kullum yana sake taruwa. In ya kwana biyu ba a cire ba sai ya daskare ya zama dutse, wanda buroshi ba ya iya ɓamɓarewa. Dasashi ya kumbura, ya yi ja, baki ya fara wari. A wannan matakin ana warkewa sarai. Idan aka ƙyale, ciwon ya gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, kamar katangar ƙasa da ruwa ya ci gindinta: sama lafiya lau, ƙasa babu komai. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, kuma abin takaici, galibi ba zafi sai haƙori ya fara girgiza.

Akwai masu taya dattin nan ɓarna. Juna biyu na sa dasashi saurin kumbura. Ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana ƙara ciwon, ciwon kuma yana hana sukarin sauka. Taba, ta sha ko ta tsotso, ita ce na fi jin tsoro ga mazajenmu, don sigari na ƙuntata jijiyoyin jini, sai jinin ya ɓuya alhali ciwon na ci. Wasu magungunan hawan jini irin su nifedipine da amlodipine suna sa dasashi ya tofo. Kada a daina sha, a dai gaya wa likita.

To, ga abin yi. A wanke baki sau 2 a rana, minti 2, na dare ya fi muhimmanci, musamman ga masu zaman fada da shayi mai sukari har tsakar dare. A nemi buroshi mai laushi, a karkata shi inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goga a hankali, ciki da waje. Asuwaki yana aiki ƙwarai in an tauna bakinsa ya yi laushi, ana yanke tsohon bakin, kuma an kai shi har turamen baya, ba a bar shi rataye a leɓe ana hira ba. Gawayi da toka suna kankare haƙori. Sakace da allura ko tsinken ashana yana huda dasashi. Zaren sakace na farmasi ya fi. Jinin zai ci gaba kwanakin farko, kada ki tsaya. In an yi mako 2 bai ragu ba, ko akwai mugunya, a je wurin likitan haƙori ya kankare dutsen. Mai ciki ma ana yi mata.

Yara kuwa maganarsu daban ce. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi miki, baki na wari, kumatu ya kumbura, a kai shi asibiti ranar nan. Haka cutar da ake kira noma ke farawa, tana cin fuska cikin ƴan kwanaki, kuma a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta sa ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su, kuma ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram.