Kurakuran da makarantu ke tafkawa wajen tayar da tsoffin manhajojin koyarwa

Malami yana son ya nuna wa yara irin manhajojin da aka yi karatu da su a shekarun 1980, kamar Granny's Garden da kamfanin 4Mation ya fitar a 1983 don kwamfutar BBC Micro a Ingila, ko Oregon Trail na Apple II a Amurka, sai ya sauko da emuleta, wato manhajar da ke sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwa, ya ga kyauta ce, shikenan a ganinsa komai ya halatta. To abu uku ne fa a wajen kuma kowanne da mai shi: emuletar kanta, da ROM wato ɗan shirin nan da aka dasa cikin cip wanda in babu shi injin ko tashi ba zai yi ba, sai kuma manhajar darasin. Ita emuleta galibi ba ta da matsala, kotu a Amurka ma ta ba Connectix, kamfanin da ya yi emuletar PlayStation, gaskiya a kan Sony a 2000. Amma ROM tun shari'ar Apple da Franklin a 1983 aka tabbatar yana da haƙƙin mallaka kamar littafi. Gyaran mai sauƙi ne, ka ɗauko takarda ka rubuta ukun nan, gaban kowanne ka sa sunan mai shi da irin izinin da ke hannunka.

Sai masu cewa ai kamfanin ya mutu, wa zai tambaye mu. Wannan shi ya fi yawa kuma shi ya fi ban haushi. Haƙƙin mallaka kamar gonar gado ce, mai ita ya rasu ba yana nufin ta zama ta kowa ba. Commodore, kamfanin da ke ƙera kwamfutar Amiga, ya durƙushe a 1994 amma har yau ROM ɗin Amiga mai suna Kickstart da lasisi ake samunsa, kamfanin Cloanto na sayar da shi cikin Amiga Forever. Kwamfutocin Sinclair kuwa Amstrad ya saya a 1986, shi ma Amstrad ɗin, kamfanin Sky ne ya saye shi a 2007, ka ga sai ka bi sawun ciniki ɗaya bayan ɗaya kafin ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Kuma kar ka ce za ka jira wa'adi ya ƙare, a Amurka aikin kamfani shekara 95 yake yi, ROM na 1982 sai bayan 2077.

Wasu kuma sun samu izinin amma ba su karanta sharaɗi ba. Amstrad ya daɗe da yarda a riƙa haɗa ROM ɗin ZX Spectrum, ɗaya daga cikin kwamfutocin Sinclair, da emuleta, amma bisa sharaɗin kar a taɓa rubutun haƙƙin mallakar da ke ciki kuma kar a sayar da ROM ɗin, sannan izinin bai shafi kwamfutar ZX81 ba. Haka in ka sayi lasisi guda ka zuba shi a kwamfuta talatin na ɗakin koyarwa, wallahi ka koma gidan jiya, sai ka duba inji nawa lasisin ya ɗauka ko ka nemi na aji gaba ɗaya.

Akwai hanyar kaucewa duk wannan wahala wadda mutane ke mantawa da ita, wato ROM na madadi da masu sa kai suka rubuta suka sake shi kyauta. Atari ST na da EmuTOS, Amiga na da na AROS, Spectrum na da OpenSE BASIC, RISC OS 5 na kwamfutocin Acorn ma an buɗe shi ga kowa da lasisin Apache a 2018. Sai dai a nan ma ana yin kuskure, a ɗora ba a gwada ba sai ranar darasi yara sun zauna. C-BIOS na kwamfutar MSX, irin wadda aka sani da Sakhr a ƙasashen Larabawa, katrij, wato ɗan akwatin manhaja da ake zurawa a jikin inji, kawai yake ɗauka, ba ya da harshen shirye-shirye na BASIC, ba ya karanta faifai, in darasinka a faifai yake to ba inda za ka.

In ta kama sai an rubuta wa mai haƙƙi, kar a aika wasiƙar don Allah a taimaka mana kawai, lauyan kamfani ba ya amsa irin wannan. A faɗi wane ROM, wace siga, inji nawa, cikin makaranta kaɗai ko har yara za su buɗe daga gida, a ce ba kuɗi za a karɓa ba, kuma amsar ta zo a rubuce a adana ta. In an yi cigiya an rasa mai shi, a Birtaniya akwai lasisin ayyukan da ba a san masu su ba tun 2014, yana kaiwa shekara 7 kuma a cikin ƙasar kaɗai yake aiki. Sassaucin da Amurka ta yi a 2018 don adana tsoffin manhajoji kuwa na ɗakunan karatu ne da gidajen adana tarihi, malamin aji kar ya fake da shi.