Kurakuran da ake yi wajen sarrafa sanyi da ɗumin ɗakuna ta waya

A Turai tsarin sarrafa zafin ɗakuna ta waya na ɗumama gida ne. Ana ɗaura ɗan famfo mai batir a bututun ruwan zafin kowane ɗaki, kowa ya saita nasa. Mu nan Gombe, in ka cire hunturun Disamba da Janairu, zafi ne abokin kokawarmu, musamman Maris da Afrilu da ma'auni kan taɓa digiri 40. Don haka mai son juya ɗakunansa daga waya, da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, zai fi sha'ani.

Kuskuren da ya fi jawo asara shi ne jona esi a soket mai waifai. Masu arahar nan yawancinsu amfiya 10 suke ɗauka, alhali esi na gama-gari, wanda ba na inbata ba, lokacin tashi yakan fizgi ninkin wutar da yake ci sau da dama. Yau da gobe sai ka ji ƙauri. Ga kuma kwamfureso, injin da ke samar da sanyin a cikin esi, wanda ke son hutun kamar minti 3 kafin a sake tayar da shi, soket kuwa ba ruwansa, yanke wuta kawai ya iya. Abin da ya dace shi ne 'yar na'urar da ke kwaikwayon rimot, irin su Broadlink. Hasken da take aika umarni da shi ba ya ratsa bango, saboda haka kowane ɗaki da tasa, a ajiye ta tana kallon esin.

Ita ma tana da hali: faɗa take yi, ba ta jin amsa. Uwargida ta kashe da rimot, kai kana ofis manhaja na nuna maka a kunne yake. Sayi mai ma'aunin zafi a ciki, lambar ɗakin za ta gaya maka gaskiya. Kada dai ka liƙa ta a bangon yamma da rana ta gasa, ko kusa da silin ƙarƙashin kwano. Bangon ciki, tsayin ƙirjin mutum, ya wadatar.

In ta ƙi haɗuwa da waya, duba akwatin intanet ɗinka, yawancin na'urorin nan layin 2.4GHz kaɗai suka sani.

Sai zancen wuta, wanda masu ƙera kayan ba su yi lissafi da shi ba. Kamfanin wuta na JED na ɗaukewa, intanet ya mutu, jadawalin da ka tsara ya bi ruwa. Ƙaramin batir na akwatin intanet yana maganin wannan. Mafi muni, esin da ke kunna kansa in wuta ta dawo bai san bambancin Nepa da janareto ba. Uku su tashi tare, janareto ya shaƙe. Sa mai gyaran wuta ya ware musu layi daban, ka kuma ba da tazarar mintuna tsakanin ɗaki da ɗaki.

Masu saita esi a digiri 16 kuwa, ni na gaji da gardama da su. Esi na gama-gari ba ya ƙara sauri don ka rage lamba, daɗewa kawai yake yi yana aiki. Tun da hukumar kula da wutar lantarki, NERC, ta kai kuɗin Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, wanda ke wannan rukunin ya ji a jikinsa. Digiri 25 da fanka ya isa barci.

Da hunturu, wanke ragar esi duk mako biyu saboda ƙura. Hita takan ci wat 2,000, ba ta soket mai araha ba ce, ba ta batirin sola ba. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuma yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda ma'aunin zafi ba ya gani. A ɗumama ɗakin tsohuwa taga a buɗe, a fitar da kaskon zuwa tsakar gida kafin ta kwanta.