Yadda Ake Tantance Jitar Lantarki Mai Tsohuwar Ƙira da Gyaran Jakinta na Tiremolo

Tun daga shekarar 1982 kamfanin Fender yake sake ƙera jitocinsa na shekarun 1950 da 1960 bisa tsohon samfuri. A wannan shekarar ce ya fitar da maimaicin jitarsa samfurin Stratocaster ta 1957 da ta 1962 a Amurka, a cikinta ne kuma aka kafa reshensa na Japan, inda masana'antar Fujigen ta ɗauki nauyin ƙirar. Daga baya masana'antar Ensenada ta ƙasar Meziko ta shigo, ga kuma Squier, wato jitocin Fender masu sauƙin kuɗi, da jerinta na Classic Vibe. Duk waɗannan suna iya ɗauke da shekara guda a sunansu, alhali ƙarafunansu ba sa shiga na juna. Mafi yawan wahalar da masu irin wannan jita suke sha da tiremolo, wato na'urar da ake danna hannunta don sauya muryar tsirkiyoyi, daga nan take tasowa, domin sukan sayi kayan canji kafin su auna, sukan kuma canza ƙarfe mai lafiya wanda saiti kawai yake bukata.

Idan za a kwatanta guda biyu, a fara da wuya, tunda shi ne hannu yake riƙe da shi. Tsohuwar ƙira tana da fuskar wuya mai lanƙwasa sosai, wadda ma'auninta inci 7.25 ne, da siraran ƙarafan firet, wato waɗanda aka gitta a wuyan ake danna tsirkiya a kansu, yayin da jitocin da aka yi musu kamannin da kawai sukan zo da inci 9.5, wadda ba ta kai ta farko lanƙwasa ba, da ƙarafa masu kauri. Lanƙwasar farko tana da daɗin danna tsirkiyoyi da yawa a lokaci guda, amma idan an sauke tsirkiyoyin ƙasa sosai, sauti yakan shaƙe a saman wuya lokacin da makaɗi ya ture tsirkiya gefe don ɗaga murya. A duba kuma inda ake murɗa sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, wadda ake daidaita miƙewarsa da ita. A maimaici na gaskiya, bakinta yana gindin wuya, sai an kwance sukurori an ɗaga wuyan kafin a kai gare shi, abin da yake mayar da aikin minti biyu ya zama na rabin sa'a. Batun fenti, wato ko siririn fenti irin na da ne ko mai kauri na zamani, ya fi shafar yadda jita take tsufa a ido da yadda take a hannu, kuma bai cancanci yawan gardamar da ake yi a kansa ba.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi suke hawa kansa a gangar jiki. Jakin Stratocaster na 1954 faranti ne da sukurori 6 suke riƙe da bakinsa, a kansa akwai sirdi ɗaya ga kowace tsirkiya, a ƙarƙashinsa kuma akwai dunƙulen ƙarfe da ya ratsa jikin jitar zuwa baya, inda sifirin suke ja da shi. A tsohon ma'auni, tazarar da ke tsakanin tsirkiyar farko da ta ƙarshe inci 2 da 7/32 ce, kimanin milimita 56, amma jitoci da yawa na zamani suna da inci 2 da 1/16, kimanin milimita 52. Bambancin ƙanƙane ne a ido, sai dai ya isa ya hana sabon faranti zama a kan tsofaffin ramuka. Saboda haka a auna daga tsakiyar sukurun farko zuwa tsakiyar na shida kafin a sayi komai. Haka zaren sukurori yake: na Amurka bisa ma'aunin inci aka yanka shi, na ƙasashen Asiya galibi bisa milimita, kuma wanda ya tilasta hannun tiremolo na wani ma'auni cikin ramin wani, zaren zai cinye. Shi dunƙulen, ana gane irinsa da maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne kamar na asali. Idan bai kama ba, galibi gaurayen tutiya ne, wanda zarensa ya fi saurin lalacewa.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne saiti ba ya komawa daidai bayan an danna hannun tiremolo. Kafin a zargi jaki, a duba ɗan matashin da tsirkiyoyi suke bi ta tsagoginsa a saman wuya, domin a nan ne tsirkiya ta fi maƙalewa. Alamarsa ita ce wata 'yar ƙara "ƙis" da ake ji yayin murɗa kunne, wato maɗaurin da ake saita tsirkiya da shi, ko kuma tsirkiya ta dawo sama da inda take bayan an saki hannun. A ɗaga tsirkiyar daga tsagarta, a share dattin ciki, a goga bakin fensir har tsagar ta yi baƙi, sannan a ɗiga ɗan maiko a ƙarƙashin ƙaramin ƙarfen da ke danne tsirkiyoyi biyu na sama a kan jitar. Idan an koma tsirkiya mai kauri fiye da wadda jitar ta zo da ita, tsagar ta yi mata kaɗan ke nan, kuma faɗaɗa ta aikin mai gyara ne wanda yake da zarton da ya dace, domin tsagar da aka zurfafa fiye da kima ba ta komawa. Naɗin tsirkiya a kan kunne ma kada ya wuce zagaye biyu zuwa uku a masu kauri, a jere ba tare da wani ya hau wani ba.

Bayan wannan sai sukurori shida na faranti. Mutane da yawa suna ɗaure su tamau da zaton cewa sun saki ne, alhali a jikinsu farantin yake lilo. A sassauta tsirkiyoyi, a bar farantin ya kwanta a jikin jitar, a kwance dukkan sukurorin har kawunansu su tashi kaɗan daga faranti, kimanin milimita ɗaya da rabi. Daga nan a mayar da na gefe biyu ƙasa har su taɓa farantin ba tare da sun danne shi ba. Idan bayan farantin ya fara ɗagawa yayin ɗaurewa, an wuce wuri, sai a koma baya kaɗan. Huɗun tsakiya a bar su sama-sama. Ta haka farantin zai riƙa juyawa a wuri biyu maimakon ya riƙa gogayya a wuri shida.

Sai kuma daidaita ƙarfin sifirin da na tsirkiyoyi, wanda tamkar sikeli yake: duk abin da aka ƙara a ɓangare ɗaya sai ya bayyana a ɗayan. A buɗe murfin baya, za a ga sifirin, galibi guda 3 ko da yake akwai wurin 5, a rataye jikin wani ƙarfe mai ƙugiyoyi da dogayen sukurori biyu suke riƙe da shi. Ɗaure su yana janyo bayan jaki ƙasa, kwance su yana barin tsirkiyoyi su ɗaga shi. Ma'aunin da Fender yake bayarwa shi ne tazarar inci 1/8, kimanin milimita 3, tsakanin bayan faranti da jikin jita. A murɗa kowane sukuru rabin zagaye, a sake saita dukkan tsirkiyoyi, a duba tazarar, a maimaita. Gaggawa a nan ba ta rage aiki. Jakin da aka bari yana shawagi haka yana ba da damar sauke murya da ɗaga ta, sai dai idan tsirkiya ɗaya ta tsinke, sauran duka za su tashi daga saiti nan take. Wanda sauke murya kawai yake bukata, ya ɗaure sifirin har faranti ya kwanta a jiki. Wanda ba ya taɓa hannun ko kaɗan kuwa, ya iya cusa guntun katako tsakanin dunƙulen da bangon ramin, kamar yadda ake yi wa Stratocaster mai ɗauke da sunan makaɗin jita Eric Clapton tun daga masana'anta.

Ƙananan matsaloli ba sa bukatar dogon bayani. Hannun da yake kaɗawa a raminsa, a naɗa wa zarensa farin tef na masu aikin famfo, ko a jefa ɗan ƙaramin sifirin cikin ramin idan gindinsa a toshe yake. Sifirin da suke amsa kuwwa a baya, a saka siririn soso a ƙarƙashinsu. Ramin katakon da sukuru ya daina kamawa, a cika shi da siraran tsinke da gam na kafinta, a bari ya bushe kafin a mayar.

Jazzmaster ta 1958 da Jaguar ta 1962, waɗanda su ma jitocin Fender ne, nasu tsarin daban ne, kuma su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. A jikinsu jaki daban yake, na'urar tiremolo daban a can baya, jakin kuma yana tsaye a kan ƙafafu biyu cikin kofunan ƙarfe domin ya riƙa sunkuyawa gaba da baya tare da tsirkiyoyi. Wannan motsin da gangan aka yi shi. An tsara su ne a zamanin da ake kiɗa da tsirkiyoyi masu kauri, don haka idan aka sa sirara, nauyin da ke danne sirdi yakan yi kaɗan, sai tsirkiya ta riƙa tsalle daga gurbinta, ƙananan sukurori su riƙa kwancewa suna zizar ƙarfe. Maganin farko shi ne a koma tsirkiya mai kauri, wato mai lamba 11 ko sama. Na biyu shi ne a kwance wuya a saka siririn falle mai gangara, na rabin digiri zuwa digiri ɗaya, a cikin gurbinsa, domin wuyan ya ɗan kishingiɗa baya, a sami damar ɗaga jaki, kusurwar da tsirkiya take karyawa a kan sirdi ta ƙaru. Sukurorin tsayi kuma a ɗiga musu shuɗin ruwan kulle zare, wanda ake iya kwancewa daga baya, ban da ja.

Sai waɗannan sun gaza ne ya kamata a yi tunanin canji. Jakin jitar Fender samfurin Mustang, mai gurbi ɗaya mai zurfi a kowane sirdi, yana shiga kofunan da yawa daga cikinsu, amma na asalinsa an yi shi ne don lanƙwasar inci 7.25 kuma ba a ɗaga sirdinsa ɗai-ɗai, saboda haka a kan wuya mai inci 9.5 tsirkiyoyin tsakiya za su yi sama fiye da na gefe.

Maɓallin kulle da ke kan farantin tiremolo na Jazzmaster, wanda wasu masu arha ba su da shi, shi ne ma'aunin saitin sifirin nata. A saita dukkan tsirkiyoyi, sannan a gwada tura maɓallin baya. Idan ya ƙi shiga sai an danna hannu, sifirin ya yi ƙarfi, a kwance sukurun da ke tsakiyar faranti kaɗan. Idan ya shiga amma hannun yana da sauran wurin ɗagawa sama, sifirin ya yi sanyi, a ƙara ɗaure shi. Bayan kowane murɗi a sake saita tsirkiyoyi, har maɓallin ya riƙa shiga da fita ba tare da muryar ko tsirkiya ɗaya ta motsa ba.