Lambobi 6 ɗin nan da kuke miƙa wa ɓarawo da hannunku

Na gaji da jin kukan nan na "an sace min WhatsApp". Kusan duk wanda ya zo min da shi, idan na bi diddigi sai in tarar shi ne ya buɗe wa ɓarawon ƙofa da kansa, babu wani gwanin kutse da ya taɓa wayarsa.

Babbar ɓarakar ita ce bayar da lambar tantancewa. Duk lokacin da aka nemi buɗe asusunka a wata waya, manhajar takan turo lambobi 6 zuwa layinka, kuma duk wanda ya samu lambobin nan ya samu asusun. Ni ma ta nan aka cuce ni. Saƙo ya shigo da sunan wani abokina, da hotonsa, wai ya yi kuskuren tura wata lamba zuwa layina, in taimaka in karanto masa. Na tura ba tare da wani tunani ba. Kafin in ajiye wayar an fitar da ni daga asusuna. Ashe shi ma nasa aka fara ƙwacewa. Ɓarawon ya bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya da sunana, wai ina kwance a asibiti, har mutum biyu suka tura masa kuɗi. Sannan ya sa tasa lambar sirrin a kan asusun, sai da na jira kwana 7 kafin in koma ciki. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

Tun daga ranar ba na karanta wa kowa lambar da ta shigo wayata, ko uwa ɗaya uba ɗaya muke. Wanda ya nemi kuɗi ko lamba ta rubutu, sai na kira shi na ji muryarsa. Haba jama'a, tun 2017 WhatsApp ya kawo tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri ta biyu da kai kaɗai ka sani, amma har yanzu mutane suna cewa ba su da lokacin sa ta. Minti biyu ne fa! Ka sa ta yau, ka haɗa da imel ɗinka, kuma kada ka yi amfani da shekarar haihuwarka.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar cewa tunda an ce saƙonni a kulle suke, shi ke nan an tsira. Gaskiya ne tun Afrilun 2016 hirar WhatsApp a kulle take daga wayarka zuwa ta wanda ka tura wa. Amma kwafin hirar da ake ajiyewa a Google Drive ko iCloud ba ya samun irin wannan kullin sai ka kunna shi da kanka, da kalmar sirri ko mabuɗi mai lambobi 64. A Telegram kuwa, hirar yau da kullum da ta guruf ba su da shi. Sai ka buɗe hirar sirri tsakaninka da mutum ɗaya. Ni maganar da ba na so ta fita, a wata manhajar hira mai suna Signal nake yin ta, kuma ina sa saƙonnin su goge kansu.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna cizo. Ku daina sauke jabun manhajoji irin su GB WhatsApp don kwaɗayin ganin saƙon da aka goge, ba ku san wanda ya haɗa su ba. Ku riƙa sabunta manhaja: a 2019 ta hanyar kiran WhatsApp kawai aka cusa Pegasus, wata manhajar leƙen asiri, a wayoyin mutum kusan 1,400, kuma sabuntawa ce ta toshe ramin. Hoton da ake gani sau ɗaya, ana iya ɗaukarsa da wata wayar. A guruf ɗin da ba ka san mutanensa ba, lambarka a fili take, don haka ka taƙaita masu iya saka ka.

Ka kuma hana saƙonni bayyana a fuskar waya idan tana kulle, don lambar tantancewar ma a nan take fitowa. Ni duk ranar da na ba wani aron wayata, da ya dawo min da ita sai na duba jerin na'urorin da ke haɗe da asusuna, in cire duk wadda ban gane ba.