Yadda na gyara sarƙar kekena da ke tsalle

Asabar da asuba muna hawan gadar Lekki zuwa Ikoyi a Legas, duk sanda na danna feda da ƙarfi sai sarƙa ta yi ƙas, ƙafata ta zame. Sau biyu na kusa shan ƙasa.

Da farko giya na zarga. Na kwana biyu ina murɗa wayar canza giya, a banza. Wani dattijo mai faci a Agege ya dubi keken ya ce, "Ɗana, ka taɓa auna sarƙar nan?" Ashe haɗi 12 cikakku na sabuwar sarƙa (cikakken haɗi shi ne gaɓar ciki da ta waje tare) inci 12 ne daidai. Tawa ta zarce da kusan kashi ɗaya cikin takwas na inci, har ta cinye haƙoran giyar baya. Laifina ne, domin baƙin mai nake zuba mata, shi kuwa yashi yake kamawa. Ga ruwan damina, ga iskar teku mai gishiri.

Sarƙa kaɗai na saya, rowa ta hana ni ƙari. Tsallen ya ma fi na da. Sai da na canza haƙoran bayan tukun ta zauna lafiya.

Yanzu in na dawo cikin ruwa, tsumma nake fara ɗauka in goge ta, in ɗiga man sarƙa kaɗan.