Yadda Ake Haɗa Kindirmo Mai Rai Don Gyara Hanji

Jama'a in kun lura, wanda ya jima yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin, sau da yawa sai ciki ya rikice masa, ko gudawa ko kumburi. Dalili kuwa maganin ba ya tantance nagari da mugu, har bakteriya masu amfani na cikin hanji yake sharewa, waɗanda ke taya mu narka abinci suna kuma hana miyagun samun wurin zama. To kindirmo na taimakawa, amma fa sai mai rai, wato wanda ƙwayoyinsa masu amfani ba su mutu ba.

Da farko ka samu madarar shanu lita 1, in babu ka dama ta gari. Ɗora a wuta har ta kusa tafasa. Don Allah kar a tsallake wannan, ɗanyar madara na iya ɗauko tarin fuka daga saniya.

Sai ka sauke ka bar ta ta huce, ta koma ɗumi-ɗumi wajen digiri 43, yadda za ka tsoma yatsa mai tsabta bai ƙone ka ba. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin, gaggawa ke sa su zuba irin, wato ɗan kindirmon da zai sa ta kama, cikin madara mai zafi, ƙwayoyin su mutu, gari ya waye bai kama ba.

Irin kuwa cokali 2 ne na kindirmon jiya ko yogot marar suga. Bakteriya irin su Lactobacillus da Streptococcus thermophilus da ke ciki su ne ma'aikatan, suna cinye sukarin madara su maida shi tsami, shi ya sa wanda madara ke murɗa wa ciki yakan sha kindirmo lafiya lau. Juya, rufe, nannaɗe da bargo ko ka sa a kula, awa 6 zuwa 8, lokacin hunturu ya fi haka. Kar a dinga buɗewa ana leƙawa.

Da ya kama sai firji ko wuri mai sanyi. Kar ka dafa shi, zafi kashe ƙwayoyin yake, in fura za ka dama ka tabbatar ruwan mai tsabta ne. Ka bar tazarar awa 2 tsakaninsa da magani, musamman ciprofloxacin da tetracycline, don madara na hana jiki ɗaukarsu yadda ya kamata. Ka haɗa da cin wake, albasa da ganye, su ne abincin ƙwayoyin hanji masu amfani.

Akwai kuma wani yis a kemis da shi ma ke taimaka wa hanji, Saccharomyces boulardii, wanda Bafaranshe Henri Boulard ya gano a 1923, shi maganin bakteriya ba ya kashe shi tunda ba bakteriya ba ne. Amma mai raunin garkuwar jiki kar ya sha sai da izinin likita. Yaro mai gudawa kuwa ORS (ruwan gishiri da suga) da zinc ne farko, in an ga jini ko zazzaɓi a garzaya asibiti.